Yadda za ki gina Lawali da mutanen gidansu su zama mutane a labarinki

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce a Gusau, ina sakin labaraina a WhatsApp da Wattpad. Na fara wani labari a kan gidan wani ɗan kasuwa mai mata biyu a Tudun Wada. Ɗan farinsa Lawali, mai shekara 29, ba ya sha'awar mata, zuciyarsa tana ga namiji irinsa, ga shi an matsa masa ya auri 'yar baffansa. Na yi babi 7 na tsaya cak. Lawali ya zama kamar gunki, iyayensa kuma ba abin da suke yi sai kuka da tsinuwa. Ba na son in rubuta batsa, ba na kuma son ya zama wa'azi zalla. Yaya zan gina su su zama mutane?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kike tambaya shi ne yadda mutumin da aka ƙirƙira a takarda zai yi numfashi, alhali abin da ke cinsa ba a faɗarsa a tsakar gida. Daga bayaninki na hango inda labarin ya cije. Kin fara da sirrin, sannan kika nemo mutanen da za su ɗauke shi, shi ya sa Lawali ba shi da aiki sai ɓoyo, iyayensa ba su da aiki sai jin ciwo. Gidan ake fara ginawa, da mutanensa da tsofaffin rigingimunsu, sannan a saki sirrin a ciki a ga wanda zai fara taɓawa.

Yawancin rubutun da ke zuwa hannuna don dubawa a kan wannan jigo, rami ɗaya cikin uku yake faɗawa. Wasu su kawo ɗan daudu mai karairaya da tafa hannu don a yi dariya, kamar yadda aka saba gani a wasan kwaikwayo. Wasu su kawo mugun Alhaji mai kuɗi yana yaudarar samari, a ƙarshe ya haukace ko mota ta yi ajalinsa. Masu neman mabiya a waya kuwa sai su cika shafi da batsa, su liƙa istigfari a babin ƙarshe. Mai karatunki na Gusau ko Ƙauran Namoda ya san hukuncin luwaɗi a Musulunci tun yana Islamiyya, ba ya jiran ƙagaggen labari ya sanar da shi. Abin da bai saba gani a rubuce ba shi ne halin da uwa ke kwana a ciki ranar da ta fara zargi, da abin da ke faruwa da yarinyar da aka kai ɗakin mijin da ba ya iya kallonta. Nan ne labarinki yake.

Zana gidan, ki lissafa shekaru

Ki ɗauki takarda guda ki zana gidan Alhajin: zaure, shagon samari da ke waje, turaka, ɗakin uwargida, ɗakin amarya, madafa, bayi, inda ake shimfiɗa tabarma bayan isha'i. Wannan zane zai gaya miki wanda ke jin buɗe ƙofar wa, da wanda ke ganin mai shigowa ƙarfe 11 na dare. In shagon Lawali yana da ƙofa ta waje, yana da rayuwar da matan gida ba sa gani, amma ƙannensa maza da ke kwana tare da shi suna gani. In sai ya bi ta tsakar gida, kishiyar uwarsa ta san lokacin fitarsa da dawowarsa fiye da uwarsa. Labari biyu ne mabambanta, zaɓi kuma naki ne.

Daga nan sai shekaru. A ce labarin yana faruwa a 2021, to an haifi Lawali a 1992, lokacin Gusau tana cikin Jihar Sakkwato. Yana da shekara 4 aka ƙirƙiro Zamfara a 1996, yana wajen shekara 8 aka fara aiki da Shari'a a Janairun 2000. Ya taso ke nan yana jin wa'azi a kan wannan abu tun kafin ya san ya shafe shi. Ubansa ya auri uwarsa wajen 1990, ki yanke shekarar da ya ƙaro ta biyu, da dalilin ƙarowar, da inda arzikinsa ya samo asali. Wanda ya yi aikin masaƙar Gusau har ta durƙushe sannan ya koma kasuwa yana da tsoron talauci da tsoron faɗuwar suna irin wanda ɗan gado ba shi da shi. Shekarar 2021 ɗin ma tana da abin da za ki ci moriya: a watan Satumba an katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Mutumin da duk sirrinsa ke cikin waya, ki yi tunanin abin da makonnin nan za su tilasta masa yi da ƙafarsa.

Manyan taurari kada su wuce 6 ko 7. Gidan mata biyu zai iya ɗaukar 'ya'ya 15, amma mai karatu a waya ba ya riƙe sunaye fiye da haka, sauran a bar su a matsayin "yaran gida". Kowane ɗaya cikin manyan ki ba shi shafi guda a littafin rubutu: shekarar haihuwa, sana'a, wanda yake bin bashi da wanda ke binsa, abin da yake so ya samu kafin Sallah mai zuwa, abin da yake jin kunya a sani game da shi. Wannan na ƙarshen shi ne mafi amfani. In Lawali kaɗai ke da abin ɓoyewa a gidan, sauran sun zama alƙalai, alƙalai kuwa ba su da daɗin karantawa.

Lawali kansa

A shafin Lawali, kashi uku cikin huɗu kada ya shafi sirrinsa ko kaɗan. Me yake sayarwa a shagon ubansa, ya iya ciniki ko kunya ke sa a cuce shi? Ya gama kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda ko ya bari a tsakiya? Wace ƙanwarsa yake biya wa kuɗin makaranta a ɓoye? Yana da rowa, ko saurin fushi, ko son a yabe shi? Ki ba shi aibi ɗaya ko biyu waɗanda ba su da alaƙa da sha'awarsa, ki kuma ba shi alherin da gidan ke dogara da shi. In shi ne ke kai Inna asibiti, shi ke riƙe lissafin shago ba a taɓa samun kwabo ya ɓace ba, to ranar da magana ta fito kowa a gidan yana da abin da zai rasa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mai karatu ba zai ji nauyin karin maganar ba sai ya ga aikin da hannun ke yi.

Addininsa ma ki kula da shi sosai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mai da shi wanda ba ya sallah, don a sauƙaƙa wa mai karatu ƙin sa. Saurayin da ya taso a irin wannan gida, mafi kusa da gaskiya shi ne ya yi imani da abin da aka koya masa, ya yi azumin Litinin da Alhamis yana roƙon a cire masa, ya yi kuka a sujada, ya wayi gari abin yana nan. Wannan fama tsakaninsa da kansa ya fi duk wata tsinuwar uba ƙarfi a shafi. Ki kuma yanke tun yanzu, ko da ba za ki faɗa wa mai karatu da wuri ba, ko abin ya tsaya a zuciya ko ya kai ga aikatawa. Malamai suna bambanta abin da zuciya ta ji da abin da gaɓoɓi suka aikata, shi ma Lawali ya san wannan bambanci, kuma a kansa yake auna kansa kullum.

Kada ki haɗa shi da ɗan daudu. Ɗan daudu ana gane shi da magana da tafiya irin ta mata da sana'ar abinci, al'umma ta san shi ta kuma ba shi gurbi ko da na raini ne, ba kuma kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Lawalinki mai kaftani ne da hula, wanda iyayen 'yan mata ke kwaɗayin ya zama surukinsu, shi ya sa ɓoyon ya yiwu har shekara 29.

Akwai jarabar da ke kama kusan kowane marubuci: neman dalili guda da zai bayyana komai, galibi a ce wani babba ne ya lalata shi a makarantar kwana. Ina ba ki shawarar ki guje ta. Cin zarafin yaro laifi ne mai zaman kansa, wanda aka yi wa kuma abin tausayi ne, in kika mai da shi mabuɗin halin babban mutum kin zalunci waɗanda abin ya faru da su, kin kuma rufe tambayar da ke riƙe da labarin. Ki bar mutanen gidan su kawo nasu dalilan. Inna za ta ce sammu ne daga ɗakin kishiya, gwaggo za ta ce iska ce a kai shi ruƙiyya, Alhaji zai ce sangarta ce da abokan banza, ƙaninsa ɗan boko zai ce waya ce ta ɓata shi. Kowane dalili yana tona halin mai faɗarsa, Lawali kuwa da kansa bai san amsar ba, abin da ya sani shi ne tun yaushe.

Wa ya san me, kuma yaushe

Wannan ita ce dabarar da za ta tayar miki da babi na 8. Ki ja layuka a takarda, sunayen taurari a gefe, lambobin babi a sama. A kowane gurbi ki rubuta ɗaya cikin huɗu: bai sani ba, yana zargi, ya sani yana ɓoyewa, ya sani ya faɗa. Ƙa'idar ita ce kada mutum biyu su matsa gaba a babi ɗaya, kada kuma a yi babi uku a jere ba wanda ya matsa. Labarin da kowa ya ji a rana ɗaya, a taron gida ɗaya, ya ƙone makaminsa gaba ɗaya, abin da ya rage sai kuka da tsinuwar da kika ce sun ishe ki. A gidajenmu magana ba ta fashewa haka. Tana bi ta ɗaki ɗaki, kowa ya riƙe nasa guntun, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Uwar ta fi kowa buƙatar aikinki, kuma kin riga kin ba kanki kyauta ba ki lura ba: Lawali ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. To ga mace ta fara fahimtar abin da ke damun ɗan da al'ada ta hana ta tambaya kai tsaye. Duk sonta sai ya bi ta hannun wasu: ta aika ƙanwarsa da fura, ta sayar da tunkiyarta ta kai wa malami ba tare da ta faɗi sunan wanda ake yi wa addu'a ba, ta fara goyon bayan auren da a da take ƙi saboda ta ga shi ne rufin asiri. Ki rubuta ta haka, ba sai ta zubar da hawaye ko sau ɗaya ba.

Kishiyar kada ta zama mayya. Tana da ɗa namiji da ke bin Lawali, ta san in ɗan fari ya faɗi shago na ɗanta ne, wannan gaskiya ne. Amma tana da 'yan mata uku da ba su yi aure ba, in sunan gidan ya ɓaci su za su fara rasa manema. Makamin yana hannunta, in ta harba kuma har da ɗakinta zai ci. Ki bar ta cikin wannan tsaka mai wuya babi da yawa. Alhaji kuwa ya ba ɗan'uwansa magana, kuma a sahun gaba yake sallah a masallacin unguwa. Ki tambayi kanki abin da ya fi tsoro tsakanin fushin Allah da bakin mutane, ki bar shi ya gano amsar da kansa, ko da ba ta yi masa daɗi ba.

'Yar baffan ita ake yawan zalunta a irin wannan labari, a kawo ta kamar kayan ɗaki. Ki ba ta shafinta cikakke. Wataƙila tana da wanda take so, wataƙila tun tana ƙarama take son Lawali kuma lefen nan shi ne burinta. In aka yi auren, ita za ta zauna tana tuhumar kanta, ana ba ta kayan mata, ana tambayarta shiru har yanzu. Cutarwar da ɓoyon Lawali zai yi mata gaskiya ce, kada tausayinsa ya sa ki rage ta. Labarin zai yi nauyi ne in mai karatu ya tausaya wa su biyun a lokaci guda ya rasa wanda zai ba gaskiya duka.

Shi kuma namijin da zuciyar Lawali ke gare shi, ki ba shi suna da sana'a da uwa. Ya zama baligi sa'an Lawali. Abin da ke tsakaninsu ana iya nuna shi ba tare da an shiga ɗaki ba: wanda ya san yadda ɗayan ke shan shayi, wanda ya yi tafiyar Talatar Mafara a hanyar da kowa ke tsoro don kawai ya duba mara lafiya. A al'adarmu abokai maza suna riƙe hannu, suna kwana shago ɗaya, ba mai cewa komai, saboda haka abin da zai sa a yi zargi ƙarami ne ƙwarai, kallo ne ko shirun da ya yi tsawo.

Bakin kowa daban

In kika rufe sunaye kika karanta hirar, ya kamata ki gane mai magana. Tsofaffin gidan su yi Zamfarci: "mi yas same shi", "shina ɗaki", "wanga yaro", "ɗiyata", "ya tahi". Samarin da suka yi makaranta su gauraya. Amma ki ɗan yayyafa ne kawai, kalma biyu ko uku a magana, don mai karatu na Kano ko Zariya kada ya gaji, bayanin mai ba da labari kuma ya tsaya a daidaitacciyar Hausa.

Kalmar da kowa ke kiran abin da ita ma hali ce. Malami zai ce luwaɗi. Ɗan jarida zai ce neman jinsi. 'Yan unguwa suna da kalmomin zagi. Inna ba za ta taɓa furta ko ɗaya ba, iyakarta "abin nan" ko "lalurar yaron ga". Lawali wataƙila bai taɓa kiran kansa da kowane suna ba ko a zuciyarsa. Misali, maimakon Alhaji ya yi shafi biyu yana faɗa, gwada wannan: ya kira shi turaka, ya daɗe yana jan casbi, ya ce, "Na ba baffanka magana, bayan Sallah za a ɗaura. Ko akwai abin da za ka ce mini?" Lawali ya ce, "Babu, Alhaji." Alhaji ya ce, "To madalla," bai ɗago ya dube shi ba. Mai karatu ya gane uban ya sani, ya gane ya roƙi kada a faɗa masa.

Ta bakin wa za a ba da labarin? In duka ta bakin Lawali ne, gidan zai zama bango kawai. Na fi son ki karɓa-karɓa tsakanin mutum uku, shi da uwarsa da 'yar baffan, kowane babi a tsaya a kan mutum ɗaya, kada a tsallaka cikin zuciyar wani a tsakiyar babi.

Doka da hatsari

Taurarinki suna rayuwa ƙarƙashin doka, dole tsoronsu ya yi daidai da ita. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Kundin hukunce-hukuncen Shari'a na Zamfara na shekarar 2000 kuma ya tanadi bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya ga wanda bai yi aure ba, da jifa ga mai aure. Ki lura da abin da wannan ke nufi a labarinki: auren da ake tura Lawali don a rufa asiri shi ne ke ƙara masa nauyin hukunci. Ga Hisba, ga masu karɓar kuɗi da barazanar tona asiri, ga taron unguwa da ba ya jiran alƙali, wanda a zahiri shi aka fi tsoro.

Saboda haka kada ki ɗauko Lawali daga wani da kika sani ko kika ji ana raɗe-raɗinsa. Gusau ba ta da girman da za a kasa gane ɗan Alhaji wane mai shago a layi kaza, ko kin canza suna, kuma zargi kaɗai ya isa ya hallaka mutum ko ya kashe auren ƙannensa. Ki haɗa shi daga tunaninki, ki sauya sana'a da unguwa da yawan 'yan'uwa har sai bai yi kama da kowa ba. Ni aikina gyaran labari ne. Abin da ya shafi fatawa ki kai wa malamin da kika amince da shi, abin da ya shafi ko wani shafi zai jawo miki tuhuma ki nuna wa lauya kafin ki saki, musamman tunda a waya kike saki inda ake yanko layi ɗaya a yaɗa shi ba tare da abin da ke gabansa da bayansa ba.

Babi bakwai ɗin da kika yi kada ki yar da su, amma ki ajiye su mako biyu. Ki yi zanen gida, da shafukan taurari, da jadawalin wa ya san me. Sannan ki rubuta babi guda na gwaji wanda ba a ambaci sirrin ko sau ɗaya ba, a ce ranar da aka kawo kayan lefe ana buɗe akwatuna a tsakar gida, kowa na nan, kowa da abin da yake lissafawa a ransa. In babin ya tsaya da ƙafarsa, mutanenki sun samu rai, sai ki koma babi na 1 ki sake shi da su. Ƙarshen labarin kada ki yanke shi yanzu. Ko Lawali ya yi auren, ko ya bar gari ya koma Kaduna ko Legas, ko ya zauna gwauro yana riƙe da shagon ubansa, za ki gane wanda ya dace ne idan kika kai wajen babi na 20 kika ga abin da Inna ta zaɓa ta yi da abin da ta sani.